Labulen Da Ban Ce A Sayo Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan dandali. Na daɗe ina laɓe ina karanta labaranku, ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na daure. A shagon intanet na unguwar Manshiya nake zaune, akwai wani mutum a bayana yana jiran in tashi, sai leƙen abin da nake bugawa yake yi. In kun ga kuskure ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, wannan ɗin kuma nawa ne na kaina.

Sunana Rakiatou. Mu 'yan Damagaram ne, amma a Sabha muke zaune, unguwar Tayuri, tun shekarun nan da Libiya ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka, aka kakkafa alluna masu taswirar nahiyar a bakin tituna, rediyo kullum yana cewa dukanmu 'yan gida ɗaya ne. Babana magini ne. Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, a gida har na shiga kolej kafin mu taso, a nan kuma na tsinci Larabci, rabi a makarantar islamiyya, rabi a jikin duk takardar da aka ƙunso mana hubza, wato burodi, a ciki. Inna takan ce ko shara na samu da rubutu sai na karanta kafin in share.

A tsakar gidanmu akwai wata rumfar kwano da Baba ya kafa da ragowar kayan aiki. Kullum da la'asar 'ya'yan maƙwabta na aji ɗaya da aji biyu suna taruwa a ƙarƙashinta, waɗanda abla, wato malamar ajinsu a madarasa, ta ce ba sa ja. Abin da nake nema wurin yaro ba shi da yawa. Ya gane harafi ko a farkon kalma ya gan shi, ko a tsakiya, ko a ƙarshe, tunda baƙin Larabci canza kama yake yi. Ya haɗa shi da wasali ya fitar da sauti. In na rubuta masa kalmar da bai taɓa gani ba, ya lallaɓa ya karanto ta ko da zai yi gumi. In ya kai ƙarshen layi kuma na ce masa me aka ce, ya faɗa mini da Hausar bakinsa. Wannan rumfar ita ce abin da na mallaka a garin nan. In aka raba ni da ita ban san wace ce zan zama ba.

Sai ga Hamidou.

Mai gyaran injin ban ruwa ne, yana da ɗan wuri a wani garaji a Manshiya, masu gonakin Wadi Bawanis kuma suna yawan kiransa. Matarsa ta rasu a Tanout, can gida, ya ɗauko 'yarsu guda ɗaya, Mamou, ya taho da ita. Dogo ne, ba shi da hayaniya, farcensa ba ya rabuwa da baƙin mai ko da ya goge da omo. Yakan zo zance bayan na sallami yara, ya zauna a kan bencin ƙofar gida cikin farar jallabiya mai ƙamshin guga. Kakata Ouma kuwa sai ta shimfiɗa tabarmarta daf da ƙofa tana ɓarar gyaɗa, wai ita ce budurwarsa ta gaskiya, ni 'yar rakiya ce.

Ga matsalata. A gaban yara bakina garau yake. A gaban babba, musamman namiji, harshena sai ya naɗe, in kama i'ina kamar wadda aka ritsa da sata. Hamidou ya ce "ya gida?" in ce "la-lafiya," shi ke nan an gama da ni. Kiran waya kuma bai yiwuwa a gidan da katangarsa bulo ɗaya ce, tari ma sai maƙwabta sun ce sannu. Don haka na koma ga abin da na iya. Na karɓi lambarsa wurin Inna, na shige ɗaki, na rubuta na goge, na rubuta na goge, sannan na tura:

"Ya Hamidou, akwai maganar da na kasa faɗa da baki. In Allah ya ƙaddara aurenmu, za ka bar ni in ci gaba da koya wa yara karatu? Wannan kaɗai nake son ji."

Amsa ba ta zo ba sai washegari wajen azahar. Na gyara muku rubutun don ku gane:

"Rakia na ga saƙonki na ji daɗi ƙwarai. Labule kore kika ce, in sha Allah zan sayo shi."

Na juya wayar, na duba lambar, tasa ce. Na koma na karanta nawa saƙon ko aljanu sun ƙara wani abu. Babu labule a ciki, babu kore.

Na ce wataƙila wasa ne irin na maza. Na sake tambaya, wannan karon da ɗan tsawo, na bayyana masa yadda nake ji in yaro ya haɗa kalmarsa ta farko. Washegari da azahar:

"Kaji za mu ajiye kamar yadda kike so. Amma kyanwa sai na yi shawara da mai gidan haya."

Na sake. Amsa ta zo:

"Kin ce in daina kwana a Wadi Bawanis in aiki ya yi dare. Na daina. Ko da ƙafa ne zan dawo gida."

Wannan na ƙarshen shi na kai wa Djamila, 'yar ƙanwar Inna, wadda ke aure a Manshiya, babu abin da ke wucewa a layinsu ba ta sani ba. Ta karanta tana jijjiga ɗanta a cinya, ta taɓe baki.

"Ke dai boko ya cinye miki kai. Wata ce."

"Wata kamar yaya?"

"Ku biyu yake haɗawa, amsa ta rikice masa. Waccan ta ce labule, ke aka turo wa. Ki duba mana, wace mace ce za ta damu da inda namiji ya kwana in ba wadda ke ganin fitilar ɗakinsa ba? Akwai wata mai sayar da abinci a bakin garajinsu, 'yar Maradi, kullum sai ta ƙara masa nama."

"Kin gani da idonki?"

"Sai na gani? Ki gwada shi. In ya zo zance, ki tura masa saƙo daga ɗaki kafin ki fito, ki leƙa ki ga yadda zai yi."

Na yi. Ta ramin ƙofa nake kallo. Wayar ta yi ƙara a aljihunsa, ya ciro, ya kalli fuskarta, ya waiga hagu da dama, ya mayar da ita aljihu da sauri bai buɗe ba. Da na fito sai murmushi yake ta yi mini, har ya ce, "Na gode da maganganunki, Rakia. Suna kwantar mini da hankali." Na so in ce waɗanne, amma Kaka tana nan kunne a miƙe, harshena kuma ya riga ya naɗe. Na ce, "Ba-ba komai."

Tun daga ranar komai nasa ya zama abin dubawa a wurina. Me ya sa amsarsa ba ta zuwa sai da azahar? Da wa yake kafin azahar? Sabon turaren da na ji a jikinsa wa ya zaɓa? Wata rana na ga koren zare maƙale a hannun rigarsa, na wuni ban ci abinci ba.

A gida kuwa wuta ake hura mini. Inna tana tankaɗe tana magana da rariya, amma da ni take: "Sa'anninta suna goyon na uku, ita tana goyon allo." Baba ba ya irin wannan. Ranar Litinin ya kira ni bayan ya dawo daga aiki, ƙurar siminti har cikin girarsa.

"Rakiatou, ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Amma bawan Allahn nan ba bencina ya zo aura ba. Ranar Juma'a bayan masallaci kawunsa zai zo. Ki ba ni abin da zan faɗa masa, e ko a'a."

Na ce to, kaina a ƙasa.

Talata da rana na zauna a bakin katifa, zuciyata tana tafasa, na rubuta ban goge ko harafi ɗaya ba:

"Malam Hamidou, na gaji. Ka je wurin mai koren labule da kyanwa, Allah ya ba ku zaman lafiya. Tambaya ɗaya na yi maka ka mai da ni mahaukaciya. Ni na fasa. Kada kawunka ya wahalar da ƙafarsa."

Laraba da azahar wayata ta yi ƙara.

"Alhamdulillahi. Rakia murna ta hana ni cin abinci. Na gaya wa Kawu kin amince, har ya sayi goro. Allah ya bar mu tare."

Ko dai ba'a yake mini, ko kuwa waccan ce ta amince a ranar da ni na fasa, ya sake turo mini rabonta. Ban gaya wa Baba komai ba tukuna. Ina so in san wace ce kafin in rufe maganar, don kada in wayi gari ina tambayar kaina har tsufa.

Allah da ikonsa, ranar Alhamis Hamidou ya tsaya a ƙofar gida da azahar ya yi sallama da Inna. Ina ɗaki ina ji. Wai an kira shi gyara a Wadi Bawanis, tsohuwar da ke duba masa Mamou kuma ba ta da lafiya, ko za a riƙe masa ita zuwa magariba. Inna ta ce ai gida ya kawo ta. Na tuna abin da Djamila ta taɓa cewa, in kana son sirrin gida ka samu yaron gidan a lokacin da cikinsa ya cika.

Mamou 'yar shekara bakwai ce, siririya, cikin rigar makaranta mai ruwan bula wadda ta yi mata yawa, farar safarta ta koma ja don ƙura, jakarta ta kusa girmanta. Kitson kanta ya tsufa har ya fara tashi. Ba ta da surutu, amma idonta ba ya zama wuri ɗaya, ta kalli rumfa, ta kalli allona, ta kalle ni ta sunkuyar da kai. Inna ta zuba mata makaroni da miya ta cinye tas. Na ce ta zo in tsefe mata kai. Ta zauna tsakanin ƙafafuna, na ɗauki tsinke da man kitso, na fara aikina biyu.

"Mamou, wa ke yi miki kitso?"

"Matar mai gidanmu."

"Yarinya ce?"

"Ba ta da haƙora."

"Mai abincin bakin garaji fa, tana zuwa gidanku?"

"A'a. Baba ya ce gishirinta ya yi yawa."

"To wa ke zuwa?"

"Ba kowa, Tanti. Sai mai karɓar shara."

Na warware wani layi, sannan na jefa: "Na ji an sayo muku labule."

Wuyanta ya ƙage a hannuna. Na ji shi sarai.

"Kore ne," ta ce a hankali.

"Wa ya ce a sayo kore?"

Ta daɗe tana murza bakin rigarta. "Ke."

A raina na ce, an koya mata. Har yarinya an sa a cikin ƙarya. Na ja gashin da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata, Allah ya yafe mini, ba ta ko motsa ba.

La'asar ta yi, yarana suka shigo da hayaniyarsu suka baje a tabarma. Ɗaya daga cikinsu ta tambayi baƙuwar ajinsu nawa, ta ce biyu, ta ƙara da cewa, "Babana ya ce duk Manshiya babu mai karatuna." Yara suka ce to ta yi mu ji. Ta zaro littafin karatunta, ta buɗe shafin da ke da hoton wata yarinya da tunkiya, ta ɗora yatsa, ta fara.

Gaskiya abin ya yi daɗin ji. Murya a sama, babu tuntuɓe, har da ɗan rangaji irin na masu tilawa. Yarana da ke fama da haɗa baƙi suka saki baki. Ni ma na kusa cewa madalla, sai idona ya sauka a kan yatsan. Bakinta ya gama shafin, yatsan yana da sauran layi guda a gaba. Ta ga haka sai ta zarce da shi da sauri zuwa ƙasa. Idonta kuma tun farko a kan tunkiyar yake.

Na san wannan ciwon, na sha ganinsa. Na sallami yaran da wuri, na ce yau ina da baƙuwa. Da tsakar gida ta yi shiru na jawo Mamou kusa, na buɗe wani shafi, na rufe hoton da tafin hannuna, na nuna mata tsakiyar layi.

"Fara mini daga nan."

"Tanti ki ɗaga hannunki."

"Hoton ba ya magana. Daga nan."

Ta kalli wurin. Leɓenta yana motsi, tana neman bakin zaren, amma babu hoton da zai gaya mata wace hadda za ta jawo. Na ɗauki alli na rubuta mata kalmar ƙofa da Larabci, gajeruwar kalma ce wadda 'yan aji ɗaya ke farawa da ita. Ta faɗi sunan harafin farko daidai. Na ce to haɗa shi da na gaba. Shiru.

"Yaya kuke yi a aji?"

"Abla tana faɗa, mu duka mu maimaita. Ni a baya nake zama. Ina riƙewa a kaina. In ta ce wa zai karanta sai in ɗaga hannu."

"Ba ta taɓa cewa ki fara daga tsakiya ba?"

"Muna da yawa."

Ban ji haushinta ba. Yarinyar da ta shigo aji ba ta jin ko "zo" da Larabci, ta haddace littafi guda da kunne, ai kai gare ta. Gyaran irin wannan ba ya wuce 'yan watanni. Na ce mata, "A Tanout kin yi lakwal, ko?" Ta ce ta fara, ba ta gama shekarar ba mamanta ta kwanta. Na rubuta mata baƙaƙen boko a allo don in ga abin da ya rage. Ta gane A. Ta gane O, ta ce ƙwai. Sauran duk ta wuce su, sai da ta zo kan R ta tsaya, fuskarta ta ɗan washe.

"Wannan naki ne. Shi ke fara fitowa a wayar Baba in kin aiko."

Allin ya tsaya a hannuna.

"Me ya kai ki wayar Babanki?"

Ta gane ta yi suɓutar baki. Ba ta yi kuka mai sauti ba, hawayen ne kawai suka gangaro suna ɗiga a kan littafin.

"Ni nake karanta masa."

Sai da na kai ta ɗaki na ba ta ruwa kafin maganar ta fito, guntu-guntu. Babanta bai yi lakwal ba. Ranar da saƙona na farko ya shigo, ya jira ta dawo, ya rufe ƙofa, ya tsuguna a gabanta ya miƙa mata wayar. Ya ce mata ita 'yar makaranta biyu ce, ta yi ta Faransa ta yi ta Larabawa, babu rubutun da zai gagare ta. Shi a wurinsa yaron da ya kai aji biyu ya gama da karatu, sai dai ƙari.

"Na duba, Tanti, na ga abubuwa da yawa ƙanana. Shi kuma yana ta kallona yana murmushi. Sai na ce kin ce kina gaishe shi." Ta ja hanci. "Ya ce sai me? Na ce kin ce ɗakinmu yana son labule. Rana tana shigo mini a ido da safe."

"Kyanwa fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kwana a gona?"

"Tsoro nake ji in ba ya nan."

Na rasa inda zan sa idona. Na tambaye ta wa ke rubuta amsa. Ta ce Inoussa mai shagon waya ne, Baba yana biyawa wurinsa kafin azahar ya faɗa masa ya buga. Amma yana tsaye a kansa, ba ya bari ya buɗe nawa, wai maganar mace ba ta idon ƙato ba ce. Wato mutumin nan ya tsare mini sirrina daga duk Manshiya, har shi kansa bai san abin da ke ciki ba.

"Na shekaranjiya fa, Mamou? Me kika ce masa?"

"Ya ce wannan amsar ce, ko? Na ce e. Ya ce me ta ce? Na ce kin ce to." Ta ɗago jajayen idanunta. "Tanti, ba to kika ce ba?"

Ta kama bakin zanena da hannu biyu.

"Don Allah kada ki gaya masa ban iya ba. Ya gaya wa duk 'yan garaji. Ya ce ni ce idonsa."

Ku gaya mini, 'yan uwa, me ya kamata in ji a lokacin? Kunya ta kama ni saboda baiwar Allah mai abinci da na ɗora wa laifi ban ko san fuskarta ba. Amma hankalina bai kwanta ba. Mutumin da ya bar ni ina ta zuba masa rubutu bai taɓa cewa ba ya karantawa ba, me kuma ya rufe? Sannan tambayata tana nan inda take, ko jin ta bai yi ba. Gobe Juma'a, an sayi goro a kan amsar da ban bayar ba.

Ban gama kitsa mata kai ba muka ji sallamarsa. Ya biya gida ya yi wanka, ya sa shuɗiyar shadda, da ledar dabino a hannu daga gonar da ya yi aiki. Inna ta amsa daga nesa ta shige kicin, irin ta surukai. Kaka kuwa tana kan tabarmarta, ta karɓi dabinon ta leƙa ciki.

"Wannan ne toshin? Busasshe, don ka ga ba ni da haƙori?"

"Ki jiƙa shi, budurwata. Gobe ma akwai goro."

"Goron wa? Ni dai ba a tambaye ni ba. Waccan kuwa," ta nuna ni da haɓa, ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki da mayafi a kai, "tun shekaranjiya take kumbure kamar an aiko mata da rasuwa. Ban ga alamar wadda ta amince ba. Ƙarya kake yi, ka dawo gare ni kawai."

Ya yi dariya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Murna ta sa ya manta da kunya.

"A rubuce take, tsohuwa. Ni dai ban yi lakwal ba, kowa ya sani, amma ina da malama a gida. Mamou, zo ki karanta wa kakarki ta ji an kayar da ita."

Kowa ya sani. Haka ya faɗe shi a fili, ko a jikinsa. Ashe ba ɓoyewa ya yi ba, ni ce ban taɓa iya haɗa jimlar da zan tambaya ba.

Ya lalubo saƙon, ya san shi ne na sama, ya miƙa mata. Mamou ta karɓa da hannu biyu, rabin kanta a kitse, rabi a tsefe. Ta ɗora yatsa a kan gilashin. Ta buɗe baki ta rufe. Sannan ta juyo ta kalle ni.

"Ka-kawo," na ce. "Ta sha karatu yau, i-idonta ya gaji. Tunda ni na rubuta."

"Au, yau bakin ya buɗe?" in ji Kaka.

Wayar ta zo hannuna da ɗumin hannun yarinyar. Ga maganata nan baƙi a kan fari, da labulen, da kyanwar, da na fasa. In na karanta abin da ke ciki na kashe maganar aure, na kuma tona yarinyar. In na ce to ne, na ba da kaina ban san makomar rumfata ba. Na ɗora yatsana a layin farko. Abu ɗaya na sani game da kaina, in karatu nake yi ba na i'ina. Sai na jawo tambayata ta farko daga ka, kamar ita ce a rubuce.

"Ya Hamidou," na ce, muryata tana fita sumul, "in Allah ya ƙaddara aurenmu, za ka bar ni in ci gaba da koya wa yara karatu? Sai na ji wannan zan ba da amsa."

A kicin ma ƙarar ludayi ta tsaya.

Murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali. "Ba haka Mamou ta karanta mini ba."

Ya juya wajen 'yarsa. Ta riga ta shige bayana, ta cusa fuska cikin mayafina, ina jin numfashinta a cinyata. Ya daɗe yana kallon ɗan abin da ya rage a waje na ƙafafunta. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Tana da ƙwaƙwalwa," na ce da sauri. "Ha-hadda take yi. Haɗa baƙin ne bai zauna ba, kuma ba laifinta ba ne, yara da yawa haka suke, in aka ba ni ita..."

Ya ɗaga hannu, ba da faɗa ba. Ya tsuguna, shaddar tana shan ƙasa.

"Mamou. Fito, ba zan taɓa ki ba. Ni na ɗora miki kayan da ya fi ƙarfinki." Ba ta fito ba. Ya miƙe, ya share fuskarsa da tafin hannu, sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a kan benci.

"Ke nan ban taɓa jin maganarki ba, Rakia. Ko sau ɗaya."

"E."

"Ban goge ko ɗaya ba, duk suna ciki. Ki koma na farko ki karanta mini su yadda kika rubuta. Har da wannan na hannunki, don na ga rubutun ya fi abin da kika faɗa tsawo. In na ji duka, sai in ba ki amsarki, ke ma ki ba Baba tasa."

"A nan?"

"A nan. Na gaji da saƙo."

Kaka ta ajiye ledar dabino, ta jawo tabarmarta har ta taɓa ƙafata, ta gyara zama. Daga bakin layi na jiyo muryar Baba yana gaisawa da maƙwabta, yana matsowa. Mamou ta ƙara ƙanƙame ni. Na danna wayar na gangara har saƙon farko, na sa yatsa, na fara.